Lafiyar Uwargida: Me Ke Sa Ƙafa Ɗaurewa Cikin Dare Bayan Saukowa Daga Jirgi?



Duk wadda sharaɓarta ta taɓa ɗaurewa tana tsakiyar barci ta san abin ba wasa ba ne. Naman ƙafar ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse, ki farka a firgice, ki rasa yadda za ki yi. Yawanci daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna ya sake ki, amma tsaminsa kan kai washegari. Masu dawowa daga Hajji da Umara kan koka da shi.

Me ke jawo shi?

Daga Kano zuwa Jidda tafiyar awa 4 zuwa 5 ce, ban da zaman jira a filin jirgi. Duk tsawon lokacin gwiwa na lanƙwashe, naman sharaɓa na takure. Shi kuwa wannan naman, motsinsa ne ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya. Idan ya daɗe bai motsa ba sai ƙafa ta kumbura ta yi nauyi. Da dare kuma, idan kika kwanta yatsun ƙafa na kallon ƙasa, naman ya ƙara takurewa, abu kaɗan zai sa ya ɗaure.

Sai ƙarancin ruwa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu. Ga shi mata da yawa na ƙin shan ruwa don gudun banɗakin jirgi, ko don kada alwala ta karye. Ƙara da gajiya: safa da marwa kaɗai ta kai kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar masauki. Masu juna biyu, da dattawa, da masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari sun fi saurin gamuwa da shi.

Idan ya kama ki

Kada ki naɗe ƙafar. Miƙe ta sosai, ki kamo yatsun ki jawo su wajen ƙaurinki. Idan hannu bai kai ba, sa ɗankwali ki jawo. In za ki iya, tashi ki taka a kan diddige. Da ya saki, ki murza wurin a hankali, ki gasa da tawul mai ɗumi.

Kafin kwanciya, ki dafa bango, ki ja ƙafa ɗaya baya, diddige na ƙasa, ki karkata gaba har ki ji sharaɓar ta ja. Ƙirga 30, ki sauya ƙafa, ki maimaita sau 3. Kada bargo ya danne yatsun ƙafa. Ki sha ruwa sosai, ki ci dabino da ayaba da wake da zogale da nono. Amma ki guji sayen kwinin a kemis don wannan matsala. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, domin yana iya jawo mummunar illa a jini da bugun zuciya.

Inda haɗarin yake

Ba kowane ciwon ƙafa ba ne ɗaurewa. Wani lokaci jini ne ya daskare a jijiyar cikin ƙafa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka wannan haɗari. Ga bambancin: ɗaurewa tana zuwa ta wuce, shi kuwa daskarewar jini ciwonsa ba ya tafiya. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ta yi zafi in an taɓa, wani lokaci launinta ya sauya. Yana iya bayyana ko bayan makonni da dawowa.

Idan kin ga haka, kada ki murza, kada a kira mai tausa. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ki tafi asibiti a ranar, ki faɗa wa likita kwanan nan kika sauka daga jirgi. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko tari da jini, ba a jira gari ya waye. Mai ciki, da mai jego a makonni 6 na farko, da wadda aka yi wa tiyata, da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, su ga likita tun kafin tafiya. Mai yiwuwa ya ba su safar da ke matse ƙafa.

A tafiya ta gaba, ki nemi kujerar bakin hanya, ki miƙe ki ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, kina zaune kuma ki riƙa ɗaga diddige kina saukewa. Ki sha ruwanki, alwala a sake ta. Idan Hajiya ce za ta yi tafiyar, ki karanta mata wannan kafin ta tashi.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.