Horon fasahar zamani: Ina rabon mai ƙosai da ɗan dako?

A watan Nuwamban 2023 ne Ma'aikatar Sadarwa, ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin koya wa 'yan Najeriya miliyan uku fasahar zamani, aka fara da mutum 30,000. Shirin yana da amfani, amma ga wanda ya riga ya iya Turanci, yake da kwamfuta ko babbar waya, kuma yake da kuɗin sayen data. Ita kanta rajistar ta intanet ake yi.

Ɗan dako a Kantin Kwari da ɗan garuwa da matar da ke aikatau a gidajen mutane ba sa cikin wannan lissafi, alhali su ne sauyin ya fi jigatawa.

Farkon 2023 ya isa shaida. Da sauya fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ɗan kasuwar da ya iya tiransifa ya ci gaba da cinikinsa. Mai ƙosan da ba ta da asusun banki kuwa, ko dai ta ba da bashi, ko ta karɓi kuɗinta ta asusun maƙwabci, sannan ta biya mai POS ladan cirewa daga ribar da dama ba ta taka kara ta karya ba. Wanda bai iya karanta saƙon banki ba, da alat na bogi aka kwashe masa kaya.

Neman aiki ma haka yake. Ko shiga ɗan sanda ne ko soja, a intanet ake cike fom. Matashin ƙauye sai ya yi kuɗin mota zuwa gari, ya biya mai shagon kwamfuta, ya miƙa masa lambar NIN, wani lokaci har da BVN, bai san inda za su ƙare ba. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Abin da waɗannan mutane ke buƙata bai kai koyon haɗa manhaja ba. Su iya buɗe asusu, su duba ko kuɗi ya shigo da gaske, su san cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, su iya tura hoton kayansu ga mai saye a WhatsApp. Wannan horon 'yan kwanaki ne, kuma da Hausa za a yi shi, da baki, a kan ƙaramar wayar da ke hannunsu.

Wuraren koyarwar ma suna nan: ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tashoshin mota, Islamiyyun matan aure, da gidajen rediyo. Ya kamata NITDA da hukumomin yaƙi da jahilci na jihohi su ware kuɗi don kai malamai can, a lokutan da ba za su hana mai ƙosai suyar safe ba.