Gidan Ƙasa Ba Abin Kunya Ba Ne

Yau zan ɗan yi magana a kan wata gardama da ta tashi a gidanmu nan Shamaki, domin na san ba mu kaɗai take damu ba.

Kakanmu daga ƙasar Tawa ta Nijar ya zo Gombe da fatauci, ya auri Bafullatana 'yar Dukku, ya gina gida da tubali da azara kamar yadda ya gani a garinsu. Mu jikokinsa a nan aka haife mu, amma har gobe in faɗa ya haɗa mu da yaran unguwa sai a ce mana 'yan Nijar, in kuma muka je can ziyara a ce ga 'yan Najeriya sun zo. Ni da na gama sakandare sai na zauna shago tare da Baba, muna sayar da kwano da siminti da ƙusa. Ƙanwata ce Allah ya ba karatu, tana Zariya tana koyon zanen gine-gine.

To, bana Baba ya ce zai rushe zauren kakanmu ya tayar da na bulo. Da ta dawo hutu ta ji, sai ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah a dakata. Wannan zauren ya fi duk ɗakunan gidan nan sanyi, ku ma a ciki kuke kwana in zafi ya yi." Baba ya ce, "Ke da na tura ki boko ki zana mana bene, shi ne za ki dawo mini da maganar laka?" Ni dai shiru na yi, don ba a shiga tsakanin uba da 'yarsa. Amma a gaskiya ina bayanta, duk da cewa da kuɗin siminti nake cin abinci.

Dalilina na farko kowa ya san shi a jikinsa. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai digiri 40. Ɗakin bulo mai rufin kwano tun hantsi yake komawa tanda, ga wuta ba kullum ba, ga man janareta ya yi tsada. Katangar ƙasa kuwa tana da kauri, a hankali take shan zafin rana, kafin ya ratsa ciki dare ya yi iska ta sauko. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi.

Na biyu, aljihu. A shekarar 2024 na sayar da buhun siminti sama da naira 10,000 da hannuna, na kuma ga mutane da yawa sun bar gininsu a linta sun tafi. Ƙanwata ta ƙara mini da cewa masana'antun siminti na duniya su ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama yanayi.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. Ta nuna mini hotunan aikin Mariam Issoufou, 'yar Nijar da aka haifa a Faransa a 1979. Ilimin kwamfuta ta fara yi a Amurka, ta yi aiki da shi shekaru, sannan ta koma ta karanta zanen gine-gine a Jami'ar Washington, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. A garin Dandaji, can jihar Tawa ta kakanmu, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran sun gina sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji. Tsohon masallacin kuma ba su rushe shi ba, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Wanda ya gina tsohon shi ne Alhaji Falke Barmu, maginin gargajiya wanda masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Haka ma Francis Kéré na Burkina Faso, a Jamus ya yi karatu, ya dawo ƙauyensu Gando ya gina makarantar firamare da ƙasa a 2001, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni.

Abin lura a nan shi ne, duka biyun mutane ne masu ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, irinmu. Wanda ya zauna wuri biyu yakan ga abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani. Ashe abin da ake yi mana gori da shi, jari ne.

Sai dai ban ce Baba ba shi da hujja ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, ruwan sama yana cin gindinsa, gara tana cin azara, kuma nan Gombe kowa ya san yadda ruwa ke zaizaye unguwanni. Ga kuma bakin mutane, za a ce Alhaji ya karye. Amma duk waɗannan suna da magani ban da na ƙarshe. A yi harsashi da dutse da siminti, a zuba ɗan siminti kaɗan cikin ƙasar kafin inji ya matse ta, a fitar da bakin rufi sosai don ruwa ya faɗi nesa da bango. A Gando, Kéré ɗaga kwanon ya yi sama da silin ɗin tubali, iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Ƙanwata kuma a kwamfutarta take nuna inda rana za ta bugi gida da inda iska za ta shigo, tun ba a haƙa rami ba. In aka ɗora sola a kai, fanka biyu sun isa.

Maganin na ƙarshen kuwa yana hannunmu. Mu ne muka mayar da gidan ƙasa alamar talauci, alhali Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma hasumiyar Agadas da aka sake ginawa a 1844 tana nan tsaye har yau. Ina kira ga masu hali na garin nan, ko mutum ɗaya ya ba ɗalibanmu dama su gina masa gida irin wannan mutane su gani da ido, domin gani ya kori ji.

Baba dai ya ce ya ba ta zuwa bayan damina ta kawo zane da lissafin kuɗi. In lissafinta ya fi na bulo sauƙi, zaure ya tsira. Ni kuma na yi mata alkawarin zan ba ta farashin kaya na gaskiya, ba na ciniki ba.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.