Kofin St. Louis Blues na 2019: Haƙuri Kaɗai Ba Ya Dafa Dutse



Yau za mu yi nisan kiwo, mu leƙa birnin St. Louis da ke jihar Missouri a Amurka, inda ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara mai suna St. Louis Blues ta yi abin da har yanzu ake ba da labarinsa. A safiyar 3 ga Janairu 2019 ita ce ta ƙarshe a teburin gasar NHL, a cikin ƙungiyoyi 31. A daren 12 ga Yuni na wannan shekarar kuma 'yan wasanta suka ɗaga Kofin Stanley, kofi mafi daraja a wannan wasa, karo na farko tun da aka kafa ta a 1967. Masu ba da labarin galibi suna rufe shi da nasiha guda: kada ka karaya, mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu a ganinmu wannan nasihar ta cinye rabin gaskiya, kuma rabin da ta cinye shi ne mai amfani.

Kafin mu yi gardama, bari mu share fage ga wanda bai san wasan ba. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili, biyar suna zamiya da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ɗaya yana tsaron gida. Ana bugun wani ɗan faifan roba baƙi da sanda mai lanƙwasa, a zango uku na minti 20 kowanne. A wancan lokacin kaka guda wasa 82 ce. Nasara maki biyu ce, wanda aka doke a ƙarin lokaci kuma ya tafi da maki ɗaya. Ƙungiyoyi 16 ke shiga zagayen fitar da gwani, inda ake karawa sau huɗu, kowace karawa wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Kenan sai ka ci wasa 16 a cikin wata biyu kafin ka taɓa kofin da Lord Stanley, Gwamna Janar na Kanada, ya bayar a 1892.

Tambayarmu ta farko ita ce: wace irin ƙungiya ce ta faɗa ƙasan teburin? Masu son labarin ya yi daɗi suna barin mai sauraro ya ɗauka cewa wasu raunana ne da ba kowa ya san su ba. Ba haka abin yake ba. A kakar da ta gabata maki ɗaya tak ya hana Blues shiga zagayen fitar da gwani. Da bazarar 2018 ta zo, babban manajansu Doug Armstrong ya buɗe bakin aljihu. Ya ɗauko Ryan O'Reilly daga Buffalo, ya ba da 'yan wasa uku da damar zaɓen matasa biyu a madadinsa. Ya kawo Tyler Bozak, ya dawo da David Perron, ya kuma ɗauki Pat Maroon, ɗan asalin yankin St. Louis. Da ma suna da Vladimir Tarasenko mai cin ƙwallaye da kyaftin Alex Pietrangelo a baya. Wannan ƙungiya ce da aka gina domin ta yi takarar kofi, sai ta wayi gari tana rarrafe. Abin mamakin na farko shi ne faɗuwar tata, tun kafin a zo maganar tashi.

Kuma faɗuwar ta yi muni. A ranar 19 ga Nuwamba 2018 aka sallami koci Mike Yeo bayan nasara 7 kacal a wasa 19, aka ba mataimakinsa Craig Berube riƙon ƙwarya. Abubuwa ba su gyaru nan take ba. A watan Disamba har dambe aka yi tsakanin 'yan wasansu biyu, Robert Bortuzzo da Zach Sanford, a wurin atisaye. Da aka shiga Janairu suna da nasara 15, an doke su sau 18, sun faɗi sau 4 a ƙarin lokaci, maki 34 ke nan a wasa 37.

A nan ne muke ganin asalin labarin yake. Armstrong yana da hanya biyu a gabansa. Zai iya cewa ginin duka ya ruɓe, ya sayar da manyan 'yan wasansa, ya fara daga tushe, kamar yadda Ottawa ta yi a wannan kakar da ta rabu da Mark Stone da Matt Duchene, ta kuma gama a ta ƙarshe. Ko kuma ya yarda cewa ginin lafiyarsa lau, wasu ginshiƙai ne suka karkace. Ya zaɓi ta biyu. An riga an canza koci, saura mai tsaron gida, domin ƙwallayen da ke shiga ragarsu sun yi yawa.

Sai ga Jordan Binnington, ɗan shekara 25, wanda Blues ta zaɓa tun 2011 ta bar shi yana ta gararamba a ƙananan gasa. A kakar 2017 zuwa 2018 aro ma aka ba da shi ga Providence, ƙaramar ƙungiyar Boston Bruins, saboda ba a da gurbin da za a ajiye shi. A ranar 7 ga Janairu 2019 aka fara wasa da shi karo na farko a NHL, a Philadelphia, suka ci 3 da nema. Daga nan ya ci wasa 24, aka doke shi sau 5 kawai, da ɗaya a ƙarin lokaci. Daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ƙungiyar ta jera nasara 11 ba tare da tuntuɓe ba. A wasa 45 da suka rage musu sun tara maki 65, suka gama kaka da maki 99.

To ina haƙurin yake a nan? Yana nan, amma haƙurin wanda ya gano ciwonsa ne ya sha magani, sannan ya jira maganin ya yi aiki. Berube ya ɗora su a kan salon wasa mai nauyi: a jefa faifan can cikin gidan abokan karawa, a bi shi da ƙarfi, a matse masu tsaron baya a jikin bango har su gaji. Salon ya dace da irin jikin 'yan wasan da yake da su. Da an bar tsohon tsari da tsohuwar matsalar raga aka ce a yi ta haƙuri, da dutsen yana nan cikin tukunya har yau. A kowace shekara akwai ƙungiyar da ke shiga Janairu a ƙasan teburi, kuma kowaccensu tana da magoya baya masu haƙuri da addu'ar samun sauƙi. Tun da aka faɗaɗa gasar a 1967, Blues ce kaɗai ta taso daga wannan matsayi ta ɗauki kofi. Wanda ya ɗauki abin da ya faru sau ɗaya ya mai da shi ƙa'idar rayuwa, ya yaudari mai sauraronsa.

Akwai kuma abin da masu nasihar ba sa son ambata, wato sa'a. A zagaye na biyu sun kai wasa na bakwai da Dallas Stars. Mai tsaron gidan Dallas, Ben Bishop, ya tare bugu 52 a daren. A ƙarin lokaci Jamie Benn ya zagayo ta bayan raga, saura ƙiris faifan ya haye layi. Da ya haye, da ba wanda zai tuna da Blues ta 2019. Sai a ƙarin lokaci na biyu Pat Maroon ya tura ƙwallon da ta raba gardama, 2 da 1. A wasa na biyar na ƙarshe da Boston kuma, Bozak ya taɗe Noel Acciari, alƙalan wasa ba su busa ba, Perron ya ci ƙwallon da ta zama ta nasara. Mutanen Boston ba su manta ba, kuma suna da hujja.

Adalci shi ne mu faɗi cewa sa'ar ta juya musu baya ita ma. A wasa na uku da San Jose Sharks, Timo Meier ya tura faifan da hannu, abin da doka ta hana a wannan ɓangaren fili, Erik Karlsson ya ci a ƙarin lokaci, alƙalai huɗu ba wanda ya gani. Kuskuren ya yi girman da bayan kakar hukumar gasar ta faɗaɗa dokar duba bidiyo. Abin da Blues ta yi bayan wannan zalunci shi ya fi burge mu a duk tafiyar. Ba su tsaya ƙorafi ba, suka ci wasa uku a jere, 2 da 1, 5 da nema, 5 da 1, suka wuce. Sa'a takan faɗo wa kowa, ta alheri da ta tsiya. Bambancin yana ga ƙungiyar da ta shirya cin moriyar ta farko da jure ta biyu.

Wani zai ce mana: ku kuwa me ya sa kuke son ɓata labari mai daɗi? Ina laifin waƙar Gloria ta Laura Branigan, wadda wasu 'yan wasan suka ji a wani wurin shaƙatawa a Philadelphia a jajibirin wasan farko na Binnington, suka mai da ita waƙar murnar kowace nasara har duk birnin ya ɗauka? Ba mu ce ƙarfin zuciya banza ne ba. O'Reilly da kansa ya faɗa a Buffalo cewa yawan faɗuwa ya sa wani lokaci son wasan ke fita daga ransa, kuma shi ne bayan shekara guda ya karɓi kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen fitar da gwani, da maki 23, yana wasa da tsagaggen haƙarƙari. Yanayin ɗakin canza kaya yana tasiri a kan ƙafar ɗan wasa. Amma a lura da jerin abubuwan: waƙar bayan nasara ake saka ta. Ranar da aka sha kashi shiru ake yi. Waƙa ba ta tare bugu ko ɗaya ba a daren 12 ga Yuni, lokacin da Boston ta kai hari 12 a zangon farko, Blues ta kai 4 kacal, amma aka tafi hutu Blues na gaba da 2 da nema. Binnington ne ya tare bugu 32, aka tashi 4 da 1 a gidan Boston.

Wannan nasara ta fi nauyi idan aka tuna tarihi. Blues ta je wasan ƙarshe a 1968 da 1969 da 1970, lokacin da aka ware sababbin ƙungiyoyi a rukuninsu daban, dole ɗaya daga cikinsu ta kai ƙarshe. Sau uku ana share ta 4 da nema, sau biyu a hannun Montreal, sau ɗaya a hannun wannan Boston ɗin, da shahararriyar ƙwallon Bobby Orr. Sai a 2019 ta ci wasanta na farko a matakin ƙarshe, a wasa na biyu, ta hannun Carl Gunnarsson. Magoya bayan da suka jira shekara 52, su ne suka cancanci a yi musu kirarin haƙuri.

Hujjarmu ta ƙarshe tana cikin abin da ya biyo baya. A kaka ta gaba Blues ce ke kan gaba a yankin Yamma lokacin da annobar korona ta tsayar da wasa a Maris 2020. Ƙungiyar da sa'a kaɗai ta ɗauka ba ta yin haka. Mu kuma dubi Tampa Bay Lightning, wadda ta ci wasa 62 a wannan kakar ta 2018 zuwa 2019, sannan Columbus ta share ta 4 da nema a zagayen farko. Ba ta kori kocinta Jon Cooper ba, ba ta watsa manyan 'yan wasanta ba. Ta gane cewa abin da ta rasa shi ne ƙarfin jiki da juriya, ta ƙaro masu irin wannan hali, ciki har da Pat Maroon ɗin nan, ta ɗauki kofi a 2020 da 2021. Ɗaya ta faɗo daga sama, ɗaya ta taso daga ƙasa, amma aikin da suka yi iri ɗaya ne: sun tantance abin da ya lalace, sun bar abin da ke da lafiya.

Kuma an biya farashi. Tage Thompson, matashin da aka ba Buffalo cikin cinikin O'Reilly, ya zama tauraro, ya ci ƙwallo 47 a kakar 2022 zuwa 2023. Pietrangelo ya koma Vegas a 2020. Berube da ya kawo kofin an sallame shi a Disamba 2023. Duk wannan yana cikin labarin, ko da yake ba ya cikin wanda ake yaɗawa.

Abin da ya sa muka damu shi ne, labarin da aka rage wa gaskiya yana cutar da wanda ya gaskata shi. Mutumin da ke ƙasan nasa teburin, in aka ce masa ya yi haƙuri kawai kamar Blues, zai iya shekara goma yana maimaita kuskure ɗaya yana jiran watan Yuninsa. In aka ba shi labarin cikakke, zai tambayi kansa tambayar da Armstrong ya yi: ginin ne duka ya ruɓe, ko ginshiƙi biyu ne ke neman canji? Amsar ba kullum take da daɗi ba, domin wani lokaci kai ne Ottawa. Sai dai gara a sani tun a Janairu.

Wanda yake ganin mun rage wa ƙarfin zuciya matsayinsa, fili nasa ne, ya kawo hujjarsa mu tattauna. Sai mako mai zuwa.