Toshe Taga Ba Maganin Sanyi Ba Ne

Da zarar hunturu ya kankama, daga Damagaram har Agadas, sai a bi tagogi da tsumma da kwali a toshe, a ja ƙofa, a girke kaskon garwashi a tsakar ɗaki, a kwanta da yara. In ka yi magana a ce maka ai haka muka taras. Ni dai ban karɓi wannan hujja ba, domin daɗewar al'ada ba ta hana ta kisa.

Garwashin da ke ci inda iska ba ta wadata ba yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200. Daga ciwon kai sai jiri, sai barcin da ba a tashi. Da safe a ce aljanu ne.

Masu kare kasko sukan ce buɗe taga asarar ɗumi ce. To mu dubi Kanada da Suwidin, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Tsohon murhunsu na jikin bango ɓarawo ne: mafi yawan zafin itacen yana bin bututun hayaƙi ya fice, har ya zuƙe iskar ɗakin mai ɗumi ya tafi da ita. Duk da haka ba su toshe bututun ba. Da suka koma gina gidaje marasa kafa, sai suka sa na'urar da ke fitar da gurɓatacciyar iska tana shigo da sabuwa. Iskokin biyu suna giftawa ta tsakanin siraran faranti ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shiga fiye da rabin ɗuminta. Wato ko a can ba a sayen ɗumi da numfashi.

Ban ce mai sayen gawayin dala ashirin ya nemi wannan na'ura ba. Cewa na yi a sha ɗumi a tsakar gida, a bar kasko a waje, a ƙara bargo, a bar wa iska hanya. Ku kuma magina, kaurin bangon laka shi ke riƙe zafin rana har dare. Kun musanya shi da siririn bulo da kwano, ɗaki ya zama randa da asuba, sannan kuna ƙyashin huda kafar iska a sama.

Wanda ya farka da ciwon kai kusa da garwashi, a fitar da shi sarari, a wuce asibiti, ba a tsaya neman turare ba.