Sun Hunturu da Amanar Ruwa

 

Idan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe dutsen Mindif har matafiyi daga Marwa ba ya hango ƙololuwarsa, to a lokacin ne rafukan yankinmu, waɗanda Fulani ke kira mayo, suke ƙafewa, ba a ganin komai sai rairayi da 'yan gurabe nan da can. Duk kifin da damina ta raina yakan tattaru a waɗannan gurabe, ba shi da mafita. A kan yadda muke mu'amala da shi ne za mu yi nazari a yau, amma bari mu fara leƙa wata nahiya.

A ƙasashen sanyi akwai wani kifi da Faransawa ke kira truite, wanda ke son ruwan duwatsu mai sanyi da tsabta. Wasu masu sha'awar kama shi ba sa saka tana a ƙugiya. Sukan ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, sannan su wurga ta da doguwar fatsa wadda nauyin igiyarta ke kai ta nesa. Da sanyi, kifin yakan lafe a wuri mai zurfi inda ruwa ba ya gudu sosai, cinsa ya ragu, don haka masunci sai ya jira rana ta ɗaga, ya yi amfani da 'yar mitsitsiyar ƙugiya, ya wuni a kan kifi biyu ko uku. A Faransa ma ba a yarda da sunsa a hunturu ba: rafukan duwatsu sukan kasance a rufe daga bayan Lahadi ta uku ta watan Satumba har zuwa Asabar ta biyu ta watan Maris, domin a wannan tsakanin ne yake ƙwai.

Wannan salon su ya iso Kamaru. A kogin Faro, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa ya zuba a Binuwai, baƙi daga Turai da Amurka sukan sauka bayan shigowar sabuwar shekara, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi garau. Da rana suna neman tsage mai haƙora, da dare kuma giwan ruwa. Abin da suka kama sukan auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa da ransa.

Ba muna kira a kwaikwaye su ba ne. Mai iyali da ke neman abin miya ba zai saki kifinsa ba, kuma malamanmu ba sa son a wahalar da dabba don wasa kawai. Abin lura shi ne, mutum ya biya kuɗin jirgi ya ƙetare teku saboda kifin da ya rage a Faro, alhali mu da Allah ya ba mu ruwan a ƙofar gida muna ƙarar da namu da hannunmu.

Sanin kowa ne abin da ke faruwa a wasu gurabe da rani. Wani ya zazzaga maganin ƙwarin auduga cikin ruwa, kafin la'asar tarwaɗa da ƙarfasa da 'ya'yansu duk sun taso. Wani ya mayar da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya zama koma, wadda ko ɗan kifi mai tsawon farce ba ta bari. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi mata ke ɗiba, kifin kuma a tukunyarmu yake ƙarewa. Dokar ƙasa ta haramta su da guba, shari'a kuwa ta riga ta, domin cutarwa ce ga mutum da dabba baki ɗaya.

Manyan tafkunanmu ma suna da iyaka. Madatsar Maga ta 1979 da ta Lagdo, kusa da Garwa, wadda aka kammala a 1982, sun jawo dubban masunta daga Kamaru da Nijeriya da Cadi da Mali. Shi ya sa hukuma takan rufe su na wasu watanni da damina don kifi ya hayayyafa. Wanda ya saci jiki ya jefa taru a lokacin, abincin 'ya'yansa na baɗi ya sata.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934, ana hana taɓa gurbin Matan Fada sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Alƙur'ani mai girma ya ambaci naman ruwa cikin ni'imomin Allah a Suratun Nahli, ya hana almubazzaranci a Suratul A'arafi, kuma a surar ce ya ba da labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku da aka jarraba da hanin kamun kifi ranar Asabar, suka ƙetare iyaka, suka halaka.

Don haka, uwargida, idan aka kawo miki kifi ƙanana tamkar yatsa, ko wanda kike zargin guba ce ta kashe shi, ki bar wa mai shi kayansa. In babu mai saye, mai zuba guba zai daina. Maigida, ka koya wa yaronka fatsa da haƙurin zama a bakin ruwa, ka nuna masa yadda ake mayar da ƙaramin kifi. Limamai da masu unguwanni kuma su zauna da masunta kafin ruwa ya ƙafe, a ware gurbin da za a bari ya huta bana.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalam.