Kalmar «lambast»: sandar da ta koma baki

Mai sauraren rediyo a Sukukutane ko Dogondutsi ya saba jin cewa wane «ya caccaki» wane. Sau da yawa labarin daga jaridun Najeriya masu fita da Ingilishi aka ɗauko shi, kuma ɗaya daga cikin kalmomin da ake fassarawa haka ita ce «lambast».

Kalmar ta bayyana a Ingila cikin ƙarni na 17. Masana sun ce haɗi ne na «lam» da «baste», kowace kuwa ma'anarta duka. Wanda aka yi wa «lambast» a wancan zamani, jibga ya sha. Sai cikin ƙarni na 19 ta koma nufin dukan da ake yi da baki. Wanda ya yi lakwal zai tuna da «fustiger» ta Faransanci, wadda ta samo asali daga «fustis», wato sanda a Latin. Hausa ma haka ta yi: suka da mashi ake yin ta, caccaka kuwa cakawa ce bisa cakawa. Harsuna uku sun yarda cewa akwai maganar da ke barin tabo.

Wajen amfani, sunan wanda aka soka yake bin kalmar kai tsaye, sannan «for» ko «over» ta kawo dalili. Amurkawa sukan ƙara mata harafi, su rubuta «lambaste». Ba zagi take nufi ba, domin zagi ba ya bukatar hujja. Ba nasiha ba ce, domin nasiha a keɓe ake yin ta. Suka ce mai zafi, a bainar jama'a, bisa wani laifi da aka ambata.

Nijar ta ga irin wannan a babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou. Wakilai sun tuhumi mulkin Janar Ali Saibou bisa kisan ɗalibai a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990, da kuma abin da ya faru a Cintabaraden cikin wannan shekara. An faɗi laifi, an faɗi suna, ƙasa tana saurare. Nan kalmar ta zauna daram.

Illar ita ce yadda ƴan jarida suka mai da ta gishirin kowane kanun labari. Depite ya ce bai yarda da kasafin kuɗi ba, sai a rubuta ya caccaki gwamnati. Manomi ya tuna wa magajin gari cewa rijiya ta lalace, sai a ce ya caccake shi. Magajin gari ya riƙe abin a zuci, dangi su shiga, rijiya kuwa tana nan yadda take. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka mai fassara ya auna kafin ya zaɓa: akwai «ya ƙi yarda», akwai «ya koka», akwai «ya yi tir». Mai karatu kuma, in ya ji an ce an caccaki wane, sai ya nemi ainihin abin da aka faɗa. Kalmar ƙarfin duka kawai take nunawa, ba ta faɗin mai gaskiya.