Kafin ku sa Gmail ya riƙa goge muku saƙo

Jama'a, toshe imel da kalma yana da daɗi, amma ni ya cije ni. Na gaji da 'yan damfara masu cewa na ci kyauta, sai na sa doka: duk saƙon da ke ɗauke da "Congratulations" ya wuce kwandon shara. Ashe takardar kiran intabiyu da na yi wata biyu ina jira da wannan kalmar ta fara! Abokina da muka nema tare ne ya nuna min tasa, bayan an gama. Na duba kwandon, wayam, don Gmail na share abin da ya kai kwana 30.

Yanzu adireshin mai aikowa nake toshewa. Kalmomin kuwa, lakabi na ware musu, ina leƙawa duk Juma'a.